Ranar da Mai Feshi Ya Bi Bango

A makarantar da na yi karatu, can nesa da gida, an taɓa nuna mana bidiyon kyankyaso yana gudu a gefen bango. An rage saurin hoton har ana ganin yadda ya ɗora ƙaho ɗaya a jikin bangon, wato siririn gashin nan da ke gaban kansa, bai ɗaga shi ba. Inda bangon ya lanƙwasa sai ya lanƙwasa, inda ya miƙe sai ya miƙe. Malamin ya ce ko an rufe masa ido haka zai yi. Na rubuta a littafi, na ci jarrabawa, amma a raina ban yarda cewa taɓa abu zai iya tsayawa a madadin ganinsa ba. Da na dawo gida na ba mutumin da ke yi wa gidanmu feshin ƙwari wannan labari, sai ya yi dariya har da tari, ya ce, "Sai da ka hau jirgi aka gaya maka wannan?" Abin da ke biye labarinsa ne, kamar yadda na tsinto shi daga bakinsa da na matarsa da na ƙanin matar.

Kowa Mai Feshi yake kiransa, har jikokinsa. Gajere ne kakkaura, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan fi ta dama sauka saboda shekara talatin da ɗaya da ya yi yana goya tanki. Da shara ya fara a wani kamfanin feshi, yana wanke tankuna yana kallon manya. Da kamfanin ya rushe sai ya sayi tsohon tanki ɗaya ya ci gaba da kansa. Daga baya ya jawo ƙanin matarsa, wani mutum mai shekara arba'in da 'yan kai da ake kira Dogo, shi ke tuƙa tsohuwar motarsu, shi ke surutu a madadin su biyun.

Yana da ƙa'idoji biyu a aikinsa. Ta farko, ba ya fesa tsakiyar ɗaki. Yakan ce kyankyaso ba ya ratsa fili sai an kore shi, kullum yana manne da bango, ƙahonsa na karanta masa hanya. Saboda haka gindin bango kawai yake bi da magani, layi ɗaya mai faɗin tafin hannu. Ta biyu, daga ƙuryar ɗaki yake farawa, yana ja da baya har ya ƙare a ƙofa, don kada ya taka abin da ya fesa ko ya shaƙe shi.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta sa masu gida suke ganin girmansa. In ya shiga ɗaki ba ya taɓa tanki sai ya zauna a ƙasa tukuna, ya yi shiru yana kallo. Ta haka ya san yadda tururuwa biyu ke haɗa ƙahonni in sun gamu, kamar masu gaisuwa, da yadda kyankyaso ke jawo ƙahonsa ta cikin baki ya tsabtace shi tun daga gindi har ƙarshe. Yakan ce, "Ƙazamin ƙwaro, amma ƙahonsa ya fi rigar ango tsabta."

Shekara biyu da suka wuce wannan zama ya sake ma'ana, ba tare da ya gaya wa kowa ba. In ya shigo daga rana, ɗakin sai ya ƙi bayyana. Da farko minti ɗaya, daga baya biyar, daga baya goma. Sannan gefe da gefe suka fara cinyewa, har ya zama kamar yana leƙen duniya ta cikin bututu. A hasken rana yana gani dishi-dishi. Inda haske ya yi rauni kuwa babu komai. Masu gida suna tsaye suna cewa, "Ku yi shiru, yana nazarin ƙwari." Shi kuwa jira yake idonsa ya dawo.

Abin da yake tsoro ya san shi sarai. Ya ga yadda aka yi da maigidansa na farko, wanda ya koya masa haɗa magani. Ranar da aka ƙwace masa tanki aka ajiye masa kujera a ƙofar gida, ana matsar da shi daga rana zuwa inuwa kamar kayan shanya. Mai Feshi ya tabbata ranar da aka gano halin idonsa, ranar ce za a sauke masa tanki a fito da tasa kujerar.

Matarsa tela ce, ita ake kira Maman 'Yan Biyu. Shekara da shekaru shi ke zura mata zare a allura, domin idonsa ya fi nata kaifi. Wata rana ta daina miƙo masa. Bai tambayi dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Ranar da abin ya faru, da safe ya yi tuntuɓe da bokiti a tsakar gida.

"Wa ya ajiye bokiti a kan hanya?"

"Malam, bokitin nan ya fi 'yan biyu daɗewa a wurin nan," in ji ta daga bakin keken ɗinki. Ta tsayar da keken. "Jiya na ji an ce likitan ido yana zama ranar Talata."

"To Allah ya ba masu ciwon ido lafiya."

"Amin. Har da masu taurin kai."

Ya shanye shayinsa a tsaye ya fita.

Aikin ranar a wani ginin ofis ne, ranar da ma'aikata ba sa zuwa. Mai gadi ya nuna musu wurare biyu: ɗakin girki a hawa na biyu, da ɗakin ajiyar takardu a ƙarƙashin ƙasa, inda kyankyasai suka fara cin fayil.

"Yaya, bar min ƙasan," in ji Dogo. "Matattakalar nan ba ta tsofaffi ba ce. In ka karye, yayata kaina za ta sauke."

"Kai da tsawonka? Ka je ka fasa musu ƙwan fitila da goshi? Hau sama, akwai firji a can, ka yi abin da ka fi iyawa."

Dogo ya yi dariya, amma ya ɗan tsaya yana kallonsa kafin ya juya. Mai Feshi ya bar wayarsa da rigarsa a mota kamar kullum, domin magani ya taɓa kashe masa waya guda. Ya sa rigar aiki, ya ɗaura takunkumi a hanci, ya zura safar roba, ya goya tanki. Matattakala goma sha huɗu, ya ƙirga su da ƙafa.

Ɗakin dogo ne, babu taga ko ɗaya. Kantocin ƙarfe jere-jere sun fi tsawon mutum, an cika su da fayil da kwalaye, tsakaninsu 'yan lunguna. Dogayen fitilu huɗu ne a sama, ɗaya na ƙiftawa. Ya ja ƙofar ƙarfen ya rufe don kada wari ya hau bene, ya zauna a ƙasa har ɗakin ya fara fitowa. Sannan ya tashi ya tafi ƙurya, inda wani bututun ruwa ya sauko a kusurwar hagu. Daga gindin bututun ya fara, yana bin bangon hagu, yana ja da baya.

Ya ci wajen rabin bangon sai aka ɗauke wuta.

Bai firgita nan take ba. Ya lalubo tocila a aljihu ya kunna. Abin da ya gani ɗan tabo ne rawaya kamar kwabo, tabon da bai nuna masa komai ba. Ya juya don ya haska ƙofa, ya manta da faɗin tankin da ke bayansa. Tankin ya daki kanta, kwalaye suka zubo masa a ka, ƙafarsa ta harɗe da tiyo, sai ga shi a ƙasa. Tocilar ta gangara wani wuri. Ya ji sanyi na bin bayansa: murfin tankin ya buɗe. Ya taɓa takunkumi ya ji ya tsage ta gefe, warin maganin har ya fara shigowa.

Ya san maganin nan kamar yadda ya san 'ya'yansa. A fili ba komai ba ne. A rufaffen ɗaki kuwa, da tanki guda a zube, hawaye ke fara zuwa, sai tari, sai jiri, daga nan ƙafa ta ƙi ɗaukar mutum.

Ya buɗe baki zai kira Dogo, sai ya rufe. In Dogo ya sauko ya tarar da shi tsaye a ɗaki bai san inda ƙofa take ba, ai magana ta ƙare. Ya ce wa kansa taku ashirin ne kawai. Ya saɓule tankin, ya miƙe, ya miƙa hannu biyu gaba, ya nufi inda yake zaton ƙofar take.

Taku huɗu, goshinsa ya gamu da ƙarfe. Ya kauce dama, wata kantar. Ya koma hagu, ya yi sauri, gwiwarsa ta bugi kwali. Ya juya, ya sake juyawa. Can ya tsaya ya miƙa hannu ko'ina bai taɓa komai ba. Bai san gaba ba, bai san baya ba. A nan ne girman kai ya sake shi, ya ƙwala kira: "Dogo!" Muryar ta maƙale a cikin takunkumi, ta ƙare da tari. Tsakaninsu akwai ƙofar ƙarfe da hawa biyu, kuma ya san Dogo ba ya aiki sai da rediyo a kunne.

Ya durƙusa don tarin ya lafa, ya dafa ƙasa. Ido na zubar da ruwa, maƙogwaro kamar an zuba barkono. Ya tuna Maman 'Yan Biyu da keken ɗinkinta, ya tuna kalmar Talata.

Sai ya ji wani abu a tsintsiyar hannunsa, tsakanin safa da hannun riga inda fata ta fito. Taɓawa ce mara nauyi, sau ɗaya, sau biyu, nan da can, kamar da silin gashi. Bayan ta sai ƙafafu masu ƙaiƙayi suka hau, suka ratsa hannun, suka sauka ta ɗaya gefen suka wuce. Kyankyaso ne yana gudun maganinsa. A cikin wannan duhu, a cikin wannan wari, bai ɗora ƙafa ba sai da ya fara aika ƙaho ya tambaya.

"Kai, sakarai," in ji Mai Feshi ga kansa. "Shekara talatin kana gaya wa mutane."

Ya daina neman ƙofa. Ya shiga lalube a ƙasa a hankali har ya kama tiyo, ashe duk kewayen da ya yi bai yi nisa da tankin ba. Ya bi tiyon da hannu har zuwa sandar feshin, siririn bututun tagulla mai tsawon hannu, ya murɗe ta ya cire. Ya riƙe ta sako-sako da yatsu uku, ya fara kaɗa ta gabansa, hagu da dama, yana rarrafe. Kowane abu da muryarsa. Ƙarfe yakan ce ƙal, kwali ya ce bus, siminti kuwa karta yake yi har mutum ya ji a haƙori. Ya sami gindin kanta ya manne mata, bai bar sandar ta rabu da ita ba har kantar ta ƙare. Ya miƙa sandar cikin fili. Babu komai. Ya ƙara matsawa kaɗan. Sai karta.

Bango ne. Amma wanne? Kuma ta wane gefe ƙofa take?

Ya cire safar hannun hagu da haƙori ta ƙasan takunkumi, abin da ya sha zagin Dogo a kansa. Ya shafa gindin bangon da yatsu. A jiƙe yake, da santsi. To bangon hagu ne, kuma inda ya riga ya fesa. Tunda daga ƙurya ya faro, inda danshin ya ƙare nan ne hanyar ƙofa. Saura ya san ta ina zai ƙare. Ya zaɓi gefe ɗaya, ya mai da sandar hannun dama tana gaba, yatsun hagu na bin layin maganin.

Danshi. Danshi. Yatsun sun fara zafi. Danshi. Sandar ta ce ƙal a jikin wani abu, ya kai hannu ya ji sanyi da zagaye. Bututun ruwa.

Ƙuryar ɗaki ya koma.

Ya jingina goshi da bututun. Ƙafafunsa sun fara rawa, kansa na juyawa, wani abu a ransa yana cewa ya ɗan kwanta ya huta. Ya san muryar nan, ta maganin ce. Ya ce, "Aƙalla yanzu na san inda nake." Ya juya, ya cire ɗayar safar, ya sauya hannu, ya kama hanya.

Wannan karon bai ƙirga komai ba. Sanda gaba, yatsu a ƙasa, gwiwa ɗaya bayan ɗaya. Ya ratsa ta cikin tafkin da tankin ya zubar yana riƙe da numfashi. Sai yatsunsa suka ji gari-gari. Ƙura. Busasshiyar ƙura ta shekaru, da 'yan ƙwayoyin kashin kyankyaso. Ya ce bai taɓa jin daɗin taɓa ƙazanta irin na ranar ba.

Gaba kaɗan sandar ta ci karo da wata kabad da aka jingina da bangon. Zuciyarsa ta ce ya yanke ta fili, ai ƙofar ba nisa. Ya ƙi. Ya bi gefen kabad ɗin, ya bi gabanta, ya bi ɗaya gefen, har sandar ta sake kartar siminti. Ya isa kusurwa, bangon ya lanƙwasa, shi ma ya lanƙwasa.

Daidai nan ya ji ƙarar ƙofa, iska mai sanyi ta bugi fuskarsa.

"Subhanallahi, wannan wari fa! Yaya? Yaya, me kake nema a ƙasa?" Muryar Dogo ce, taku biyu kacal daga inda yake. "Ba ka ga fitilar ƙofa ba? Ga ta nan tana ci tun da aka ɗauke wuta."

Mai Feshi ya ɗaga kai. A saman ƙofar akwai 'yar fitila mai batir, irin wadda ke kama kanta in wuta ta tafi. Duk mai ido zai hango ta daga ƙuryar ɗakin.

Ya ce, "Wace fitila?"

Dogo ya taka zuwa inda yake. Ya sungume shi ya haura matattakalar da shi, ya zaunar da shi a bakin famfon da ake wanke motoci, ya tuɓe masa rigar aiki, ya sakar masa ruwa a ka da baya da hannu. Mai gadi ya ruga neman sabulu. Sun daɗe a haka, babu abin da ake ji sai ruwa da tari.

"Dogo," in ji shi da numfashi ya dawo. "Kada ka gaya wa yayarka."

"In gaya mata me? Ita ta sa na sauko. Sau uku tana kirana, wai hankalinta bai kwanta ba." Dogo ya kashe famfon. "Yaya, tun bara ta gaya min. Kana tsammanin kujerun gidajen mutane da kansu suke kauce maka? Ni ke shiga gabanka ina kwashe su. Har tabarmar wata tsohuwa na taɓa naɗewa tana zaune a kai."

Mai Feshi ya so ya yi dariya, abin ya fito wani iri. Ya duƙar da kai. Sandar tagullar tana hannunsa har lokacin, bai san bai sake ta ba.

A ranar Dogo ya kai shi asibiti saboda maganin da ya shaƙa, ranar Talata kuma Maman 'Yan Biyu ta raka shi wurin likitan ido, tana gaba yana baya. Likitan ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma akwai maganin ɗigawa da zai iya riƙe sauran. Ya kuma ce batun goya tanki ya ƙare.

Sati biyu yana zaune a gida yana sauraron ranar da za a fito da kujera. Ba a fito da ita ba. Abin da ya faru shi ne wani mai gidan burodi ya dawo da ƙorafi: Dogo ya yi feshi, ƙwari sun dawo kafin kwana goma. Dogo ya zo ya tsaya a tsakar gida yana sosa ƙeya.

"Yaya, ni fa bango kawai nake gani. Ban san ta inda suke fitowa ba."

Yanzu tankin na bayan Dogo. Amma Mai Feshi ne ke fara shiga kowane ɗaki, da tsohuwar sandar a hannun hagu da alli a hannun dama. Yakan bi gindin bango daga ƙurya, yana kartawa yana saurare, inda sandar ta faɗa tsaga ko siminti ya yi ƙarar rami sai ya ja alli. Dogo na biye yana fesawa yana mita. Mai Feshi ba ya shiga ƙarƙashin ƙasa, wannan sharaɗin Maman 'Yan Biyu ne. Idon kuma bai daina raguwa ba, sai dai a hankali, kuma kowace safiya yakan tsaya a ƙofar ɗaki ya gwada ko zai iya hango bokitin.

Zuwansu gidanmu na ƙarshe na zauna ina kallonsa yana bin bangon falo. Tsohuwar shakkata ta motsa, na ce, "Baba, abin nan da kake yi da sanda, za ka kira shi gani?"

Bai ɗago ba. Ya ja alli a bayan kujerar da nake zaune, ya ce, "Gani? Ina! Gani tun daga nesa yake ba ka labari, ita kuwa sai ka zo daf da abu. Kada wani ya ruɗe ka, ɗana, na fi son idona. Amma dai ta kai ni ƙofa."